Ya biya bashin, sunansa bai fita ba: nazarin karayar wani ɗan albasa a Sakkwato

A watan Fabrairun 2024 Kawu ya kira ni bayan La'asar, ya ce in same shi kasuwar Ramin Kura. Na tarar da shi zaune a bakin rumfa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ashe ya je wani bankin da ba ya mu'amala da ruwa, yana neman su saya masa albasar rani ya biya su a hankali. Sun karɓi takardunsa, bayan kwana goma suka ce ba zai yiwu ba, domin rajistar masu cin bashin banki ta nuna wani banki yana bin sa fiye da naira miliyan shida.

"Ɗana, bashin ga na biya shi tun watan Nuwamba," in ji shi. "Ba su bi na ko kwabo. To mi ya rage kuma?"

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ni kuwa aikina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi. Ya yarda in rubuta abin da ya faru da shi bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa, ni kuma ba zan ambaci bankunan da ya yi hulɗa da su ba. Alƙaluman duk daga littafinsa na ɗauko su. Na ga ya kamata a rubuta ne domin akwai irinsa da yawa a Sakkwato: mutanen da suka karye, suka yi ta maza suka biya, kasuwa ta sake karɓarsu, amma a na'urar banki har yanzu ana ganinsu a matsayin waɗanda suka ci bashi suka gudu.

Yadda jarin ya karye

Ya fi shekara ashirin yana harkar albasa. Tsarin sananne ne. Idan an cire albasar rani wajen Maris da Afrilu tana araha, sai ya saya daga manoman Wurno da Goronyo, ya zuba a rudu, wato ma'ajiyar albasa, ya jira ta yi tsada, sannan ya riƙa lodi zuwa kudu. A ƙarshen 2020 albasa ta yi tsadar da kowa yake tunawa, Kawu ya sami ribar da bai taɓa samu ba. Wannan ribar ce ta ja shi ya faɗaɗa fiye da ƙarfinsa. Farkon 2021 ya karɓi naira miliyan shida a banki, ya karɓi miliyan biyu wurin surukinsa, sannan ya ɗauki kaya bashi wurin manoma goma sha ɗaya, a kan sai ya sayar ya biya.

Shekarar ba ta zo wa 'yan albasa da sauƙi ba. A Fabrairu aka yi rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Daga nan aka shiga tare motoci a hanyoyin kudu maso gabas, har a watan Yuni ƙungiyar 'yan albasa ta ƙasa ta sanar da dakatar da kai kaya kudu. Tirela ɗaya ta Kawu tana cikin waɗanda aka wawushe. Abin da ya rage a rudu damina ta same shi, ita kuwa albasa ba ta jiran kowa: laima ta shiga, ta fara tsiro, ta fara ruɓewa daga ƙasa. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, a Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. Ko zuwa wurin masu bin sa ya ba su haƙuri ya gagara.

Da muka zauna daga baya muka tattara lissafin Disambar 2021, bashin ya kama naira miliyan 17. Manoma miliyan 8 da dubu 400, banki miliyan 5 da dubu 200 ruwa yana hawa, suruki miliyan 2, masu mota da 'yan dako miliyan 1 da dubu 100, sai dubu 300 na manhajojin bashi na waya, waɗanda babban ɗansa ya karɓa da wayar uban da lambarsa ta BVN don a rufe wasu ƙananan ramuka. Waɗannan na ƙarshe su ne mafi ƙanƙanta, su ne kuma suka fi ci masa mutunci. Sun tura saƙo ga duk lambar da ke wayarsa, har da limamin unguwa da surukai, suna kiransa ɓarawo. Sai a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar wa masu irin wannan aiki, lokacin an riga an gama da shi.

Zaman rabo

Abin da Bahaushe ke kira karayar arziki da abin da doka ke kira haka ba su cika haɗuwa ba. Najeriya tana da dokar karayar arziki tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin ayyana mutum a matsayin karyayye. Wanda aka ayyana, muddin ba a sallame shi ba, tsarin mulkin 1999 ya hana shi takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Sai dai ni a aikina ban taɓa haɗuwa da ɗan kasuwar Sakkwato da ya bi ta wannan ƙofa ba. Yawancin shawarwarin da matasa ke karantawa a intanet game da farfaɗowa bayan karaya daga Amurka suke, inda mutum zai je kotu a ƙarƙashin abin da suke kira Babi na 7, a yafe masa mafi yawan basussukansa, tabon ya zauna a rahotonsa shekara goma. A can kotu ce ke rufe tsohon littafi. A nan babu wanda zai rufe maka shi, kai za ka bi masu bin ka ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka yi wa Kawu ya fi kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira taflisi. A mazhabar Malikiyya, idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, alƙali zai hana shi taɓa ta, a sayar, a bar masa abin ci da sutura, a raba sauran ga masu bi gwargwadon abin da kowa ke bi. Wanda ya tarar da ainihin kayansa yana da damar ɗauke abinsa. Abin da ya saura yana nan a wuyan mai bashi, amma a saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Ba a je gaban alƙali ba. Shugabannin 'yan albasa da liman da wasu dattawa biyu suka zauna a zauren gidansa. Aka sayar da filinsa naira miliyan 4 da dubu 800, motarsa miliyan 2 da dubu 100, sauran kaya da buhuna dubu 700. Jimla miliyan 7 da dubu 600.

Surukin ya ce a cire shi, zai jira. Aka raba kuɗin tsakanin manoma da masu mota, kowace naira ɗari ta sami tamanin. Aka yi addu'a aka tashi, kowa yana yaba masa.

Babu wanda ya kira banki wurin zaman. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Su manoman ga ni san ɗiyansu, na ci tuwon gidajensu. In ban ba su ba, da mi za su yi noman bana? Banki ko ba ya kwana da yunwa." Ba zan iya cewa zuciyarsa ta yi kuskure ba, kuma wannan zaɓin ne ya sa har yau manoman ke ba shi kaya. Amma ta fuskar lissafi, har ma ta fuskar fiƙihun kansa, an bar mai bi guda a waje. Da an raba da kowa, da kowace naira ɗari ta sami kusan arba'in da biyar, bankin ya karɓi wajen miliyan 2 da dubu 300, kuma da an buɗe ƙofar sulhu tun ruwan bai taru ba. Ko da ba a ba su komai ba, wasiƙa ɗaya mai bayanin halin da ake ciki da ta rage ɓarna. Wata takwas Kawu bai taka ƙofar bankin ba, bai ɗauki wayarsu ba. Kunya ce ta hana shi, su kuma a wurinsu shiru gudu ne.

Ranar da kuɗi suka ɓace daga asusu

Bayan rabon ya koma dillanci, yana haɗa manoma da masu saye yana karɓar la'ada. A watan Agustan 2022 wani mai saye daga Anaca ya turo naira dubu 640 cikin asusunsa na wani bankin daban, kuɗin wani manomi ne da ya ba shi kaya ya sayar masa. Kafin ya isa wurin mai POS kuɗin sun fita.

Ba sata aka yi masa ba. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da wani tsari da ma'aikatan banki ke kira GSI. Mai karɓar bashi yana sa hannu a kan cewa idan ya kasa biya, bankin yana da izinin bin lambarsa ta BVN ya ɗebi uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga duk asusun da yake da shi a kowane banki. Kawu ya sa wannan hannun a 2021 cikin tarin takardun da aka miƙo masa, babu wanda ya karanta masa da Hausa. Na'ura kuwa ba ta san kuɗin amana ba ne.

Wannan bugun ya haifar da abu biyu, ɗaya mai kyau ɗaya marar kyau. Mai kyan shi ne ya tilasta masa zuwa bankin. Ya tarar bashin ya kai miliyan 6 da dubu 900 da ruwa da tara. Ya tafi da wani dattijon kasuwa, aka yi zama uku, bankin ya yafe tarar da wani ɓangare na ruwan, aka tsaya a kan miliyan 5 da dubu 600. Uwargidansa ta sayar da sarƙarta ta zinariya, shi ya sayar da shanu biyu na gado, aka ba da miliyan 1 da dubu 400 nan take, sauran kuma dubu 300 duk wata har wata goma sha huɗu. Mutane da yawa ba su san banki yana sauka ba. Yana sauka, domin bashin da ya riga ya fitar da rai da shi, duk abin da ya dawo daga ciki riba ce a wurinsa.

Marar kyan shi ne Kawu ya tsorata da asusunsa. Daga ranar duk cinikinsa ya koma asusun ɗansa da na wani mai POS a bakin kasuwa. Har lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya, miliyoyi sun bi ta hannunsa amma ko ɗaya bai bi ta sunansa ba. Shekara ɗaya da rabi mafi wahala a rayuwarsa, wadda ya fi kowane lokaci nuna riƙon amana, ba ta bar sawu a takarda ba.

Biyan bai zo da sauƙi ba. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe iyakar Illela, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Duk da haka bai tsallake wata ko ɗaya ba. A Nuwambar 2023 ya biya na ƙarshe, ya yi wa ma'aikacin godiya, ya fito. Bai nemi takarda ba, ba a kuma ba shi ba.

Littafin da bai san da shi ba

A nan na shigo maganar. Abu na farko da na yi masa bayani shi ne akwai wani littafin bashi da ba a kasuwa yake ba. Kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba lasisin riƙe shi: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da wasu masu ba da bashi ta waya suna aika musu bayanin duk wanda ya ci bashi, nawa ya karɓa, yaya yake biya, kwana nawa ya makara. Babban Banki ya wajabta wa bankuna su duba aƙalla biyu daga cikinsu kafin su ba kowa bashi. Dokar da ta tsara aikin ta 2017 ce, kuma ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar duk abin da aka rubuta ba daidai ba. CRC har maki take bayarwa, daga 300 zuwa 850.

Muka nemi rahoton daga duka ukun, domin abin da ke wurin wannan ba lallai ya kasance wurin wancan ba. Biyu sun nuna bashin bankin yana nan a matsayin wanda aka daina biya, da tsohon adadinsa na kafin sulhu. Ɗaya kuma ya fito da wani abin da Kawu ya manta da shi sam: ragowar naira dubu 45 na ɗaya daga cikin manhajojin nan, wanda ɗansa ya ɗauka an gama da shi.

Kamfanin rajista ba ya goge abu don ka je ka rantse masa. Wanda ya aiko da bayanin shi ne zai aiko da gyara. Saboda haka muka rubuta wa bankin wasiƙa, muka haɗa da kwafin yarjejeniyar sulhu da rasiɗai goma sha biyar, muka nemi abu biyu: takardar shaidar cewa ba sa bin sa komai, da gyara bayaninsa a duk inda suka aika shi. Muka sa aka buga mana hatimin karɓa a kwafinmu. Allah ya taimake mu uwargidansa ta adana rasiɗan nan a cikin wata tsohuwar jakar hannu, ba don ita ba da maganar ta zama ta fatar baki. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a ba banki mako biyu ya warware ƙorafi, idan bai yi ba a kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna. Mako uku shiru. Muka rubuta ta biyu, muka ambaci cewa za mu wuce gaba. Cikin kwana shida takardar ta fito. Gyaran rajistar kuwa sai da ya kai Yuni. Dubu 45 ɗin ma muka biya, muka karɓi shaida a rubuce.

Ana cikin haka wani ya zo wa Kawu da cewa yana da ɗan'uwa a Legas da zai cire masa suna daga baƙin littafi a kan naira dubu 150. Duk wanda ya zo maka da wannan magana kuɗinka yake so. Bayanin gaskiya ba ya gogewa da kuɗi, doka ma cewa ta yi a riƙe shi aƙalla shekara shida. Abin da ake iya yi shi ne a sa ya faɗi gaskiya: an makara, an yi sulhu, an biya.

Tun watan Maris kuma na sa ya mayar da duk cinikinsa asusunsa na kansa, ya yi wa sana'arsa rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ya yi ta ɗari-ɗari, sai da na nuna masa cewa tunda bashin ya ƙare babu mai ikon taɓa masa kuɗi.

Maganar katin

Rahoton ya gyaru, amma labarin ƙarshe da ke cikinsa shi ne na mutumin da ya faɗi ya tashi da ƙyar. Babu wani sabon abu a bayansa. Mai ba da bashi yana son ya ga yadda kake biya yanzu, kai kuma ba za ka nuna ba sai wani ya fara ba ka. Ni na kawo shawarar katin bashi, kuma har yau ina juya shawarar a raina.

Yawancin abin da ke aljihun mutanenmu katin cire kuɗi ne, kuɗinka kake taɓawa. Katin bashi kuɗin banki kake kashewa, a ƙarshen wata a kawo maka lissafi. Idan ka biya duka cikin wa'adi babu ruwa, idan ka bar saura ruwa ya hau. A Najeriya masu albashi aka fi ba shi, domin albashin ne jingina. Ɗan kasuwa mai tabo kamar Kawu hanya ɗaya ta rage masa, ya ajiye kuɗinsa a riƙe, a ba shi kati a kansu. Bankin da muka je ya riƙe naira dubu 500, ya ba shi katin dubu 400. Kawu ya ce a riƙe kuɗin a asusun da ba ya haifar da ruwa, aka yarda. A takardar da aka ba shi ruwan katin kashi uku da rabi ne cikin ɗari duk wata, ga kuɗin kati na shekara. Na buga masa lissafin: idan ya cinye dubu 400 ɗin ya riƙa biyan mafi ƙarancin abin da suke nema, ruwa kaɗai dubu 14 ne a wata, a shekara ya haura kashi 40 cikin ɗari. Babu albasar da za ta riƙa biyan wannan.

Bai sa hannu ba sai da ya je wurin malaminsa na zaure, wanda yake ɗaukar karatu a wurinsa tun yana saurayi. Malam ya ce masa: "Alhaji, ɓarnar tana cikin sharaɗin. Ranar da ka sa hannu cewa in ka makara za ka ba da ƙari, ka yarda da riba, ko ba ka taɓa makara ba." Wannan ita ce matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Riyad a shekarar 2000, cewa katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa bai halatta ba ko da mai shi ya ƙudurta biya cikin wa'adi. Wani malamin kuma, matashi da ya karanci harkar kuɗi ta Musulunci, ya gaya masa akwai malaman da suka yi sauƙi ga mai buƙata, idan ya tabbata ba zai taɓa bari ruwa ya hau ba. Kawu ya kwana biyu yana tunani, ya ɗauki magana ta biyu, amma na ga alamar ta farkon ba ta bar shi ba.

Muka kafa ƙa'ida. Katin na man mota ne da kuɗin wuta kawai, kada ya wuce dubu 120 a wata, wato ƙasa da sulusin abin da aka ba shi, domin masu duba rahoto suna karanta cika kati a matsayin alamar matsi. Ba a cire tsabar kuɗi da shi, don ruwan wannan tun ranar yake farawa. Ba a sayen albasa da shi ko da ta faɗi warwas. Aka kuma ba banki umarnin cire duka kuɗin daga asusunsa ranar biya. Daga Yulin 2024 wata shida a jere komai ya tafi daidai, kowane wata yana shiga rahotonsa a matsayin an biya a kan kari.

A Janairun 2025 wani mai saye ya yi masa alkawarin turo kuɗi ranar Litinin, bai turo ba sai Laraba. Ranar biya Talata ce, abin da ke asusun bai kai dubu 118 da ake bi ba. Na'ura ta cire mafi ƙarancin, don haka rahotonsa bai ɓaci ba, amma ruwa ya hau, naira dubu huɗu da ɗoriya. Ranar Laraba ya biya duka. Da daddare ya zo gidana, abin da ba ya yi.

"Dubu huɗu ba kuɗi ba ne," ya ce. "Amma wancan na farko na ce ban sani ba, tilas ta sa ni. Wanga fa? Da idona biyu na sa hannu, Malam kuma ya gaya mini."

Ban sami abin ce masa ba, domin ni na tabbatar masa tsarinmu ba zai bari haka ta faru ba. A Fabrairu ya rufe katin, aka sakar masa dubu 500 ɗinsa.

Me ya buɗe ƙofar?

A watan Maris na 2025 ya koma bankin da ya mayar da shi bara. Wannan karon suka amince da murabaha ta naira miliyan 2 da rabi: su suka sayi albasar, suka sayar masa da ribar da aka yanke tun farko, ya biya cikin wata tara. Na zauna a wurin lokacin da ma'aikacin ke duba fayil ɗin. Ya kalli rahoton rajista ya ga tsohon bashi a rufe, ya ga watannin katin, bai daɗe a kansu ba. Inda ya daɗe shi ne bayanin asusu na wata goma sha biyu, yana bin shigar kuɗi da fitarsu da biro, yana tambayar wane ne wannan, me ya sa Oktoba ta fi Yuni. Sannan ya nemi masu tsaya masa mutum biyu. Waɗanda suka tsaya ɗin, ɗaya shugaban 'yan albasa ne da ya jagoranci zaman rabo, ɗaya kuma yana cikin masu motar da suka karɓi tamanin a madadin ɗari.

A ganina katin ya taimaka, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da suka yi aiki, kuma shi ne ya fi tsada a zuciyar mai shi. Da yau za a sake, da ƙaramar murabaha zan ce ya fara, ko ta babur ko ta farantan sola, a bankin da ba ya ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 ko TAJBank da ya zo a 2019. Su ma suna aika bayani rajista kamar kowane banki, biyan wata shida a wurinsu zai rubuta abin da katin ya rubuta. Na yi gaggawa ne saboda kati na fi sani a karatu. Wanda kuma ya zaɓi katin, ya sani tsarinsa yana tsaye ne a kan kada ranar biya ta taɓa samunsa hannu wofi, ɗan kasuwar da kuɗinsa ke hannun mutane kuwa ba shi da wannan tabbacin.

Ya gama biyan murabahar. Surukinsa ya karɓi rabin kuɗinsa, ya ce sauran a bari sai an aurar da yara. Daga cikin miliyan 1 da dubu 900 da suka rage a zaman rabo, wasu sun yafe a gaban shaidu, wasu ya biya su kaɗan-kaɗan. Shafi ɗaya ne bai ja wa layi ba, na wani dattijo a Wurno da ya rasu a 2023 yana bin sa dubu 310. 'Ya'yan sun ce mahaifinsu ya yafe, amma babu wanda ya ji daga bakinsa sai mutum ɗaya, kuma akwai marayu ƙanana a cikin magada. Kawu ya ƙi karɓar yafiyar, ya riga ya kai dubu 200. Saura dubu 110. Ya ce idan Allah ya kai mu cirar albasa zai kai musu da kansa, in raka shi da takarda da biro, babban ɗan da mai unguwa su sa hannu.